Saba a Ofis Ko Haya a Girgije: Inda Lissafi Yake Kwaɓe wa Mutanenmu

Kwanakin baya wani Alhaji mai harkar riɗi da zoɓo a wajajen Gumel ya neme ni. Yana son manhajar da za ta riƙe masa lissafin buhuna da kuɗin yaransa masu sayayya a kasuwannin ƙauye. Ya ce, "Ɗana, wani ya ce in sayi saba in ajiye a ofis, wani ya ce in kai girgije. Wanne ya fi arha?" Na ce, "Ranka ya daɗe, mu fara da wanda zai tashi in manhajar ta tsaya da tsakar dare."

Saba kwamfuta ce da ba ta barci, tana riƙe da bayanai tana miƙa wa duk wanda ya nema. Girgijen kuwa ba a sama yake ba, hayar kwamfutar wani kamfani ce. Bambancinsu kamar na rumbun gida ne da siton haya a Dawanau. Sai dai siton iri biyu ne, kuma nan ake fara tuntuɓe. Akwai mai ba ka ɗaki fanko, kulle da shara duk naka. Akwai kuma mai gadi, irin su kamfanonin Heroku da Render, waɗanda ke sabunta manhajar da injin ke tafiya a kanta su kula da injin, kai dai ka kawo aikinka. Mutum sai ya kama ɗaki fanko don arharsa, ya zaci ana kula masa, shekara ta zagayo ba wanda ya toshe ko ƙofa ɗaya da masu kutse za su iya bi. In ba ka da mai wannan aikin, biya na mai gadi.

Masu son ajiye saba a gida, kuɗin sayenta kawai suke ƙirgawa, su manta abincinta, wato wutar lantarki. A ce tana cin wat 100. In da batir za ta kwana, awa 12 na dare kenan wat-awa 1,200. Batirin ruwa ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, don haka batir guda mai bolt 12 da amfiya-awa 200 ya tafi gaba ɗaya kan ita kaɗai, ba a sa na'urar intanet da abin da inbata ke ci ba. Wanda zai dogara da wutar KEDCO a ƙauye ya san halin da ake ciki, janareto kuwa tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya zama na masu hali. Ga zafi. Ana auna ƙarkon batir ne a digiri 25, alhali a watan Afrilu muna haura 40, kuma zafi na gajarta ransa sosai. Hunturu ya zo, ƙura ta cika fanka. Na sha buɗe injin da aka ce ya mutu, in tarar bargon ƙura ne ya shaƙe shi. Maganin dai kada a ruɗu da manyan sabobin gwanjo masu ƙugi kamar injin markaɗe. Ƙaramar kwamfuta mai cin wat 15 zuwa 20 ta ishi makaranta ko ɗakin shan magani. A ɗora ta a kan tebur nesa da taga, a riƙa hure ta duk wata.

Wani abin da ba a gaya wa mutane: intanet ɗin layin waya yawanci ba ya ba ka adireshi naka na kanka, kai da jama'a da yawa kuke fita ta ƙofa ɗaya. Saboda haka yaron da ke Maigatari ba zai iya isa ga sabar da ke ofis kai tsaye ba, sai an yi dabarar haƙa mata hanya ta wani waje, wanda sau da yawa shi ma haya ce.

Shi ya sa tambayar da nake fara yi ita ce: ina masu amfani da abin suke zaune? In duk a gini ɗaya suke, kamar malaman makaranta ko ma'aikatan asibiti, kai komai girgije ganganci ne. Sabis ya ɗauke, mai rijista ta zauna tana kallon majinyata. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka ji a jikinsu. Wanda bayanansa ke Turai ko Afirka ta Kudu, inda AWS, kamfanin girgije na Amazon, ta buɗe cibiyarta a Cape Town a 2020, sai jira. Irin wannan wuri saba ta zauna a cikin gida, da dare ta tura kwafi waje.

Girgije kuma da dala yake magana. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023, dala tana wajen 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Hayar ba ta ƙaru ba a takardar kamfani, amma a aljihunka ta ninka uku. Kyauta ma ba abin jingina ba ce, Heroku ta rufe tsarinta na kyauta a watan Nuwamban 2022. Sannan manyan kamfanonin kan bari ka shigar da bayanai ba ko sisi, fitarwa ce ake caja. A zaɓi tsari mai tsayayyen farashi na wata, a kunna gargaɗin da ke sanarwa in kuɗi ya kai wani mizani, a kuma tambayi kamfanonin cikin gida masu karɓar naira.

Batun kwafi, kowane ɓangare na da laifi. Mai saba a gida yana ajiye kwafin a cikin injin ɗaya, ɓarawo ko tsawa su haɗa duka. Mai girgije yana zaton kamfani ba ya asara. A watan Maris 2021 gobara ta cinye wata cibiyar kamfanin girgije na OVH a Strasbourg ta Faransa, waɗanda ba su da kwafi a wani waje suka rasa bayanansu. A ajiye kwafi uku, ɗaya aƙalla a wani gari, kuma lokaci-lokaci a gwada dawo da shi a gani ko yana buɗuwa.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne asusun da aka buɗe da imel da lambar ɗan bautar ƙasa. Ya gama shekararsa ya tafi da mabuɗi, lambar tabbatarwa na zuwa wayarsa a can garinsu. Asusu ya zama da sunan ma'aikata, mutum biyu amintattu su san kalmar sirri. In akwai bayanan majinyata ko na ɗalibai, dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa mai tara su alhaki, ko a ina ya ajiye.

Shi Alhaji yaransa a warwatse suke, kuma ba shi da mai kula da inji, don haka girgije mai gadi muka kama masa. Sharaɗin da na sa wa mai rubuta manhajar shi ne ta riƙa adana lissafi a cikin waya ko babu sabis, ta aika in an fito titi. Kwafin ƙarshen mako kuwa yana cikin akwatin ƙarfen Hajiya, tare da takardun gona.