Darasi na 7: Ƙarancin Jini, Dundumi da Maƙoƙo

Mutum na iya ƙoshi da tuwo kullum, amma jikinsa ya rasa sinadaran da ke cikin ganye, nama da 'ya'yan itace.

Wanda aka fi rasawa shi ne ayon, mai gina jini. Ja fatar ƙasan idon yaro ka duba. Idan cikinta ya yi fari, tafin hannunsa ya koɗe, yana saurin gajiya, a kai shi asibiti a auna jininsa. Mai ciki da ke jiri, ko kwaɗayin cin farar ƙasa, ita ma haka. Hanta, kifi, wake, zogale da alayyahu suna ƙara jini. A matsa lemun tsami a kwaɗon zogale. Shayi kuwa a jinkirta shi bayan abinci, domin yana hana jiki ɗaukar ayon.

Mu a Zamfara akwai ƙarin dalili. Yaro mai ƙarancin ayon ya fi saurin ɗaukar gubar dalma, irin wadda ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010.

Ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa a wurin awo, kullum ake sha. Takan mai da bayan gida baƙi, wannan ba ciwo ba ne, kada a daina. Amma a ɓoye ta nesa da yara. Ƙaramin yaro ya haɗiye da yawa, yana iya mutuwa.

Dundumi, wato rashin gani da magariba, alamar rashin bitamin A ce. Manja, karas, mangwaro da gwanda suna da shi. Ma'aikatan lafiya na ɗiga wa yara shi duk wata 6: shuɗiyar ƙwaya ga ɗan wata 6 zuwa 11, ja ga ɗan wata 12 zuwa 59. Mai ciki ba ta shan wannan, yana cutar da ɗan tayi.

Maƙoƙo kuma rashin aidin ke kawo shi. A sayi gishirin leda mai aidin, a rufe shi.

Maganin da ake talla a tire ranar kasuwa ya sha rana, mai sayarwar ma bai san awonsa ba. Duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magani, da ranar lalacewa.

Aiki:
1. Rubuta abinci uku masu ƙara jini.
2. Wace ƙwaya ake ba ɗan wata 9?