Jinyar Dattijon da Ciwo Ya Kwantar, a Sanyin Jos

Idan tsufa ko shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Baba ko Inna, babban abin tsoro shi ne gyambon kwanciya. Nauyin jiki kan danne fata, jini ya kasa isa gare ta, sai ta mutu. A riƙa juya su duk bayan awa 2, har cikin dare, a sa matashi tsakanin gwiwoyi. Kullum a duba ƙugu, ɗuwawu da dunduniya. Wurin da ya yi duhu ko ya ɗau zafi kada a murza shi, a ɗauke masa nauyi, a nuna wa ma'aikacin lafiya.

Hunturun Disamba da Janairu a Jos ba wasa ba ne. Wanka sai da hantsi, da ruwan ɗumi, a bi da man kaɗanya. Kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, iskarsa na kisa ba tare da an ji wari ba.

Rasa salla kan fi ciwon damun dattijo, don haka a riƙa sanar da shi lokaci. In ruwa zai cutar da shi, a kawo dutse mai tsarki ya yi taimama, ya yi salla a zaune, ko kwance ta gefen dama yana fuskantar alƙibla.