Yadda ake haɗa auren masara a ƙaramar gona

'Yan uwa masu noma a Ikorodu da Epe, jihar Legas, sun yi ta tambayata yadda ake haɗa iri biyu na masara a samu sabon iri, ga shi a taƙaice.

1. Samo iri biyu masu kyau, kamar na cibiyar binciken noma ta IAR Samaru ko ta IITA Ibadan. Ɗaya uwa, ɗaya uba.
2. Zaɓi fili mai nisan aƙalla mita 200 daga wata masarar. A Legas wannan ne mai wuya, gonaki a manne suke.
3. Shuka layi huɗu na uwa, layi ɗaya na uba.
4. Kafa turke a bakin kowane layin uba.
5. Da kan uwa ya leƙo, fizge shi kafin ya zubar da bununi, don bununin uba kaɗai ya sauka a kan gemun uwa. Hattara, a nan ake yin ɓarna! Kullum da sassafe ka zaga. Kai ɗaya ya tsere maka, ya ɓata irin. Ni ma ya taɓa faruwa da ni, tafiyar kwana biyu kawai na yi.
6. Gemun goyo ya bushe, sare layin uba.
7. Girbi goyon uwa kaɗai, shi ne sabon irin da za a shuka.
8. Shanya sosai, danshin Legas na kawo fumfuna.

Abin da wannan irin ya haifa kuwa, a ci ko a kai kasuwar Mile 12, kada a sake shuka shi, albarkarsa raguwa take yi.