Darasi na 6: Fumfuna a Gyaɗa da Masara

Ku ɗebo gyaɗa a tafin hannu ku duba da kyau. Da wuya ku rasa ƙwaya mai yamushi, ko wadda ƙwari suka huda, ko wadda wani gari mai launin kore-kore ya lulluɓe. Idan kun tauna irinta za ku ji ɗaci. Wannan garin shi ne fumfuna. Akwai irin fumfunar da ke fitar da guba, masana na kiran gubar afalatoksin.

An gano ta a 1960 a Ingila, bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu saboda abincin da aka haɗa musu da tunkuzar gyaɗa. A 2004 kuma, a ƙasar Kenya, mutum 125 suka rasu bayan sun ci masarar da ta yi fumfuna. Amma galibi ba haka take kisa farat ɗaya ba. Kaɗan-kaɗan take taruwa tana cin hanta, har ta kai ga ciwon daji. Wanda ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B ya fi kowa shiga hatsari. Yaro kuwa, tana iya tauye masa girma.

Ga inda muke kuskure, kuma abin yana damuna ƙwarai. A gidajenmu na arewacin Kamaru, daga Garwa har Marwa, uwargida kan tsince gyaɗa mai kyau ta kai kasuwa. Ragowar, wato mai yamushi da fasasshiya, sai ta ce ba za a yi asara ba. Ta soya, ta niƙa, ta matse mai, ta yi ƙuli-ƙuli, yara su cika aljihu. To, gubar nan wuta ba ta kashe ta. Suya ba ta kore ta, tafasa kunu ba ta kore ta. Idan aka matse mai, mafi yawanta a cikin tunkuza take zama. Idan an ba saniya, wani kaso na fitowa a nono, ya dawo ƙwaryarmu. Tsintar da aka ware, a tona rami a binne ta.

Tun a gona fumfuna ke shiga, musamman idan ruwa ya ɗauke kafin gyaɗa ta nuna, ko gara ta ci ɓawo, ko fartanya ta sare kwanso. Kada a bar gyaɗa a ƙasa bayan ta isa cira. Ruwan ƙarshen damina na watan Oktoba shi ke jiƙa amfanin da aka baza a tsakar gida. A shanya kan tabarma ko tampol, ban da ƙasa tsura, a kwashe da yamma kafin raɓa ta sauka.

Yaya za a san masara ta bushe? Ku sami kwalbar gilashi busasshiya, ku zuba tafin masara ɗaya da cokali biyu na busasshen gishiri. Ku rufe, ku girgiza sosai, ku ajiye na ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalba, akwai sauran danshi, a mayar rana. Gyaɗa kuma a girgiza kwanso a kunne. Busasshiya tana kacau-kacau.

Buhu kada ya taɓa ƙasa ko bango, a ɗora shi kan katako. Rumbun da ke yoyo a gyara shi kafin kaka, kuma kada a zuba sabon hatsi kan tsoho.

Aikin gida: kowa ya auno gyaɗa mudu ɗaya, ya ware masu yamushi da masu huji, ya ƙirga su, ya rubuta adadin a littafinsa. Ku zo da lambar ranar darasi na gaba mu haɗa lissafin aji.