Kurakuran masu tara bugun farko na waƙoƙin da ɗalibai suka ci gasa da su

A da, a Ingila an daɗe ana buga waƙar ɗalibin da ya ci gasar jami'a a ɗan ƙaramin littafi, mai shafuka kaɗan da bangon takarda. Yawanci ba wanda ya damu ya adana, sai bayan mai waƙar ya yi suna a fara nema ruwa a jallo. A nan sabon shiga ke faɗa wa rami.

Babban kuskure shi ne yarda da shekarar da ke kan bango. Ɗauki Ravenna, waƙar da marubuci Oscar Wilde ya ci kyautar waƙa ta Newdigate da ita a jami'ar Oxford a 1878, wadda Thomas Shrimpton ya buga. Bayan rasuwar Wilde an fitar da na jabu, da suna da shekara duk iri ɗaya. Abin da ke tona asirinsa tambarin jami'ar ne: na asali yana ɗauke da shi a bango da shafin farko, na jabun babu. Kafin ka zaro kuɗi, sa dillali ya turo maka hoton waɗannan shafuka biyu, ka gwada da bayanin da Stuart Mason ya yi a kundinsa na 1914 kan ayyukan Wilde. In ya fara kame-kame, ka san akwai lauje cikin naɗi.

Kada kuma sunan wanda littafin ya fito daga hannunsa ya ruɗe ka. Thomas J. Wise babban masanin tsofaffin littattafai ne da kowa ke girmamawa, har sai 1934 da John Carter da Graham Pollard suka binciki takarda da haruffan ɗab'i, suka nuna cewa tarin ƙananan littattafan da suka bi ta hannunsa ƙirƙirarru ne. Cikinsu har da jabun bugun Alaric at Rome, waƙar da Matthew Arnold ya ci gasa da ita a makarantar Rugby a 1840.

Wasu kuma sunan mawaƙin kawai suke bi. Waƙar mawaƙi Alfred Tennyson kan Timbuktu, wadda ta ci lambar zinare a Cambridge a 1829, ta fito ne cikin Prolusiones Academicae, ɗan kundin ayyukan da suka ci gasa a shekarar. Wannan sunan za ka nema.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne gyara. Mutum ya ga bango ya yage a gefe, sai ya manna salatef, ko ya kai a yanke gefuna a yi masa sabon bango mai tauri. Ya kashe darajarsa ke nan, domin masu saye tsohon bangon suke so, ko da ya koɗe. Salatef kuwa yana barin tabo ruwan ƙasa da ba ya fita. Saka shi yadda yake cikin jakar takarda marar asid, ka kwantar a akwati nesa da rana da laima, ka riƙa leƙawa saboda gara da kyankyasai.