Kurakuran da aka fi yi idan magini da na'ura suka haɗu a aikin gini

Babban kuskure wajen haɗa magini da mutum-mutumin gini, wato na'urar da ke zuba kwaɓin laka layi bisa layi har ya zama bango, shi ne a kammala zane a kwamfuta, a saita na'ura, sannan a nemi magini bayan bango ya fara karkacewa. Na'ura ba ta san halin laka ba, lissafin da aka ba ta kawai take bi. Ko gidan TECLA da aka gina da na'ura a Italiya a 2021, wanda ofishin mai zanen gine-gine Mario Cucinella ya zana tare da kamfanin WASP mai ƙera irin waɗannan na'urori, da ƙasar wurin aka yi shi, kuma sai da aka nazarci ƙasar tukuna. Saboda haka magini ya zauna da mai zane tun ranar farko.

A Maradi wannan ya fi muhimmanci, domin ƙasar tudu yashi ya yi mata yawa, ta bakin Gulbi kuwa ta fi yumɓu, kuma kwaɓi ɗaya ba zai yi wa duka biyun ba. Gogaggen magini yakan dunƙula kwaɓin a tafinsa ya sake shi daga tsayin kafaɗa: in ya tarwatse ruwa ya yi kaɗan, zai toshe bakin na'ura, in ya baje ruwa ya yi yawa, layin ƙasa zai zube idan na sama ya hau shi. A zafin Afrilu kwaɓin safe ba ya kai azahar da laushinsa, don haka a fara da asuba, a kafa rumfa, a gwada da ɗan gajeren bango kafin a taɓa na gaskiya.

Wani kuskuren shi ne ɗauka cewa tushen ginin ya yi daidai da zane. Da wuya ya yi. A sake auna shi bayan ya bushe, a shigar da sabon awon, a saita na'ura a kansa.

Idan wuta ta ɗauke ana cikin aiki, kada a ɗora a kan layin da ya bushe sai an kankare shi an yayyafa masa ruwa, in ba haka ba nan ne bango zai tsage.

Abin da ya fi damuna shi ne sakaci da lafiyar lebura. Hannun na'ura ba ya ganin yaron da ya sunkuya ɗaukar tubali. A shata iyaka a ƙasa, a nuna wa kowa maɓallin tsayarwa, kuma kada wani ya tsallaka iyakar sai mai kula da na'ura ya kashe ta ya ce a shiga.