Neman aiki a Ingila: abin da doka ta ba ka da yadda ake karɓarsa

Ranar da wani ƙanena ɗan Gwadabawa ya sauka a gidana, bayan ya huta ya ci tuwo, sai ya miƙo mini CV ɗinsa ya ce, "Yaya, duba min wanga, gobe nike son in fara turawa." Shafi huɗu ne cur. Daga sama hotonsa da babbar riga da hula, sai ranar haihuwa, sai addini, sai ƙaramar hukuma, sai "mai aure, 'ya'ya biyu". Na ɗauki biro ina soke su ɗaya bayan ɗaya. Ya zuba mini ido ya ce, "To mi ya rage?" Na ce karatunka da abin da ka iya, su ake nema.

Ba laifinsa ba ne. Haka muka taso a Sakkwato: ba ka shiga aikin gwamnati sai da takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, guraben tarayya ana raba su jiha-jiha, banki kuma ya buga talla ya yanke shekarun mai nema, ba mai cewa uffan. A Ingila da Sikotland da Wales akwai Dokar Daidaito ta 2010, wadda ta hana a ƙi ɗaukar mutum saboda abubuwa tara: shekaru, naƙasa, aure, ciki da jego, launin fata ko ƙabila ko ƙasar asali, addini ko aƙida, kasancewa mace ko namiji, sauya jinsi, da jinsin da mutum yake sha'awa. Kariyar tana hawa kanka tun kana mai nema, ba sai an ɗauke ka ba. Babu kason wata ƙabila a nan. Iyakar abin da aka yarda shi ne, in mutum biyu sun yi kunnen doki a cancanta, ana iya fifita wanda irinsa suka yi ƙaranci a wurin.

Abubuwa biyu suna tsorata sababbin zuwa alhali ba wariya ba ne. Akwai fom ɗin da ke tambayar ƙabila da addini a ƙarshen takardar nema: na ƙididdiga ne, ana ware shi daga idon masu zaɓe, kuma kana iya cewa ba ka son faɗa. Akwai kuma binciken izinin aiki, inda za ka ciro lamba daga shafin gwamnati ka ba su. Wajibi ne a kansu, matuƙar kowa suke yi wa, ba baƙar fata kaɗai ba. Ɗalibin digiri mai bizar karatu kuwa ya riƙe awa 20 ɗin da aka yarda ya yi aiki a mako lokacin karatu, kada wani ya zuga shi ya ƙetare.

A ɗakin intabiyu ake yin wariyar. Wata ƙanwarmu ma'aikaciyar jinya, da ta yi shekaru tana aiki a gida kafin ta zo, ta je neman aiki wani gidan kula da tsofaffi. Ana cikin hira sai matar da ke tambaya ta dubi zobenta ta ce, cikin murmushi, ko tana shirin ƙara haihuwa nan kusa? Ita kuma da kunyarmu ta Hausa ta sunkuyar da kai ta ce sai yadda Allah ya yi. Ba su kira ta ba. Da ta ba ni labari a waya, tambayar farko da na yi mata ita ce: kin rubuta? Ba ta rubuta ba, ko sunan matar ba ta riƙe ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don irin wannan tambaya ita kanta hujja ce. Haka tambayar lafiyar jiki: ba a yin ta kafin a ba ka aikin, sai don a san ko kana bukatar wani sauƙi a wurin intabiyu, ko in aikin ba ya yiwuwa sai da wannan lafiyar.

Batun Juma'a da hijabi da gemu ya fi kowanne zuwa mini, kuma gara in faɗi gaskiyarsa. Doka ba ta ce dole a sake ka ka tafi masallaci ba. Abin da ta ce shi ne, in wurin aiki ya kafa ƙa'ida a kan kowa, amma ƙa'idar ta fi takura wa masu wani addini, to sai ya nuna ƙwaƙƙwaran dalili, in ba haka ba ta zama wariya a fakaice. Asibiti yana da dalilin cewa a naɗe hannun riga wajen taɓa majiyyaci, saboda tsafta. Ofishin da ya hana ɗankwali don kawai bai yi masa kyan gani ba, da wuya ya kare kansa. Ni dai shawarata, ka bari sai sun ba ka aikin, sannan ka kawo maganar tare da mafita a hannunka: zan haɗa hutun abincin rana da Juma'a, in rama rabin awa da yamma. A rubuce, ta imel. Yawancin manajoji suna yarda in sun ga aiki ba zai tsaya ba.

Kada wani ya ce maka tunda akwai doka babu wariya. A 2019 masu bincike a Jami'ar Oxford suka fitar da sakamakon wani gwaji, inda suka tura takardun neman aiki kusan 3,200 masu cancanta iri ɗaya, asalin mai nema kawai suke sauyawa. Ɗan asalin Najeriya sai ya tura ƙarin kashi 80 cikin ɗari kafin ya samu amsar da Bature ɗan ƙasa yake samu. Shi ya sa wasu ke gutsure sunansu ko su ari na Turawa. Ban ga amfaninsa ba, fasfo zai tona. Gara ka ƙara yawan turawa, ka kuma karkata ga wuraren da ke ɓoye suna lokacin tantancewa, kamar aikin gwamnati da asibitocin NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati.

In abu ya faru, ba wanda zai ce maka a fuska don kai Musulmi ne aka ƙi ka. Don haka tun a cikin bas ɗin komawa gida ka rubuta rana da lokaci da wanda ya yi magana da kalmomin da ya faɗa. Ka adana tallar aikin. Ka tura imel cikin ladabi ka nemi dalilin da ya sa ba a ɗauke ka ba. Kana da ikon neman duk bayanan da suka ajiye a kanka, har da abin da aka rubuta lokacin intabiyu, kuma a ƙa'ida wata ɗaya gare su su amsa. Kafin ka kai ƙara kotun ma'aikata sai ka fara sanar da hukumar sulhu ta Acas, kuma kada ka bari wata uku ba kwana ɗaya ya wuce daga ranar da abin ya faru. Shigar da ƙarar kyauta ne tun 2017. In ka kawo abin da ke nuna alamar wariya, nauyin wanke kai yana komawa kan kamfanin. Mun saba cewa a bar wa Allah, kuma haƙuri abu ne mai kyau, amma wa'adin nan ba ya jiran a huce. Ofishin Citizens Advice mai ba da shawara kyauta da ƙungiyar ƙwadago suna taimakawa, ka je da wuri.

Dokar nan da ta tsare hijabin matarka ita ta tsare abokin aikin da ba ka yarda da rayuwarsa ba, da macen da aka ɗora shugaba a kanka. Maganar da za ka yi a majalisa a Sakkwato a yi dariya, a nan tana iya raba ka da aiki. Ranar da kai ma ka zama mai ɗauka, ɗan garinku ya zo, ka nuna masa talla, ka gyara masa CV, ka sanar da ofis cewa kun san juna a sa wani ya yi masa intabiyu. Duk dillalin da ya ce ka biya shi kuɗi ya samo maka aiki kuwa, ko da Hausa ya gaishe ka, ya karya dokar ƙasar nan, don kamfanin da ke neman ma'aikaci shi ke biyan dillali.